Hattara 'yan uwa mazauna Jidda, wani mai shirya tafiya ya cinye min riyal 9,500

Riyal 9,500, jama'a. Wata takwas ina tarawa don in kai uwargida hutu Indonesiya. Duk sanda na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Kuma kada wani ya ce wauta ce ta kai ni. Shekarata 14 a Jidda, ba a taɓa yi min ba. Abin da ya kama ni, mutumin ya san ƙasar. Muna zaune bayan isha'i, shayi a gabanmu, na ce masa Bali nake so. Ya ajiye kofi ya ce, "Haba Alhaji, tsibiri sama da 17,000, sai Bali za ka kai Hajiya? Mutanenta galibi Hindu ne. Lombok ce ta Musulmi, masallaci ko'ina." Na duba, gaskiya ne. Ya ce daga nan mu shiga kwalekwale zuwa Gili, inda babu mota sai keken doki. Nan ma gaskiya. To wa zai zarge shi? Wannan ajiye kofin shi nake ta gani har yanzu.

Ranar Talata ya toshe ni a WhatsApp. A'a, kafin nan ma sai da ya karɓi 2,500 wai zai ƙara mana tsibirin Komodo, "ai kusa ne". Ashe sai an hau wani jirgin sama zuwa Labuan Bajo. Na farko 4,000 ne kafin alƙalami, sai 3,000 na otal. Ku lissafa, 9,500.

Tikitin da ya turo, na kai ofishin jirgi, ma'aikacin ya buga lambar sau biyu ya ce babu ita. Otal ɗin Lombok ba su taɓa jin sunana ba. Maganar biza kuwa, wai iƙama, takardar zama a Saudiyya, ta wadatar, a filin jirgi za a buga mana. Ƙarya! Mai fasfon Najeriya tun daga nan yake neman bizarsa.

Uwargida har ta ɗinka kaya, ta yi wa 'yan uwanta na Makka sallama. Kwana uku na kasa gaya mata.

Rasit da saƙonnin muryarsa duk suna wayata, zan ɗora hotunan da zarar na fito daga wajen 'yan sanda. Kada ku tura kuɗi asusun mutum, ku je ofis ku ga lasisi. Ni kam Allah ya isa, 9,500 ɗina ban yafe ba.