Sharhi: Akili and Me da tashoshin katun na yara ƙanana

Duk mai ɗa ɗan shekara uku zuwa biyar ya san cewa yaro a wannan matakin yana kwashe abin da ya gani ne ba tare da tacewa ba, shi ya sa nake sa ido sosai kan abin da 'yata take kallo. A cikin tashoshin da muke biyan kuɗinsu duk wata akwai na katun daga ƙasashen waje, kuma ba na musun cewa zanensu yana da kyau. Abin da ya dame ni da su shi ne gaggawa: kafin hoto ya zauna a ido an riga an sauya shi, ga hayaniya da Turancin da ni kaina sai na kasa kunne kafin na gane. Yarinyar takan zuba ido kawai baki buɗe, idan an kashe kuma sai rigima.

Shirin da ya zauna mana shi ne Akili and Me, na kamfanin Ubongo da aka kafa a Dar es Salaam ta ƙasar Tanzaniya a 2013. Akili yarinya ce 'yar shekara huɗu da ke zaune a gindin Dutsen Kilimanjaro, wadda idan ta yi barci sai ta tsinci kanta a wata duniya tare da ƙawayenta dabbobi, ciki har da ɗan zaki da dorina, inda suke koyon ƙirga, haruffa, zane da zaman lafiya da juna. Mu fassarar Hausa muke kallo, kuma a nan ne na ga bambanci.

Shirin ba ya gajiya da maimaici, abin da kan gundiri babba amma shi ne abincin ƙwaƙwalwar yaro. Lamba ɗaya sai a rera ta a waƙa, a nuna ta da zane, a sake dawo da ita cikin labari. Wata safiya na iske 'yata ta tasa farantin ƙosai a gaba tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, tana ƙirgawa da karin waƙar shirin, da ta kai biyar sai ta ɗaga tafin hannunta a buɗe ta nuna wa kakarta. Ita ma kakar, wadda ba ta taɓa kula katun ba, yanzu takan zauna a gefe tana amsa mata, tunda da harshen da take ji ake magana. Haka kuma Akili baƙar fata ce mai kama da yaran unguwarmu, kuma ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba.

Sai dai kyan shiri bai ɗauke wa iyaye nauyin lokaci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana yana zaune gaban allo, kuma da wannan ma'aunin nake aiki. Ba na miƙa wa 'yata waya, domin da zarar kashi ɗaya ya ƙare sai wani bidiyon da ban zaɓa ba ya biyo baya. Nakan sauke 'yan kashi kaɗan idan ina da data, na haɗa da talabijin bayan la'asar, sannan na kashe da kaina kafin magariba.