Inbata ko cajar soket: wanne ya fi don caji a mota?

Ɗan'uwa mai tambaya kan cajin tocila, kilifa, fanka da laftof a mota, sayi cajar da ake cusawa a soket ɗin kunna sigari, ka ƙyale inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida.

Batirin mota wutar DC (mai tafiya hanya ɗaya, ba irin ta gida ba) yake bayarwa, volt 12, idan inji na aiki ta haura zuwa 14 da ɗoriya. Batiran kayanka su ma DC suke sha. Cajar soket daidaita wutar kawai take yi: volt 5 ga duk mai bakin USB, ko 9, 15 da 20 idan mai USB-C ce da aka rubuta mata PD. Mai wat 65 ta ishi yawancin laftof, muddin kebul ɗin ma mai ɗaukar nauyin ne. Ba ta da ƙugi, zafinta kaɗan ne, irinta ce a motata kuma har mantawa nake tana nan.

Fanka da fitilun da ke da ramin caji zagaye su ke son kulawa. Juya bayansu ka karanta volt da amfiya, ka duba ɗan zanen da ke nuna ko tsakiyar filogin ce mai alamar +. In ka haɗa + da − a juye, allon ciki zai iya ƙonewa nan take. Wanda ke cin volt 6 ko 9 kada ka haɗa shi kai tsaye, nemi adafta mai rage wuta.

Inbata kuwa tana aiki, ba a hana ta ba. Sai dai ɗaga volt 12 take zuwa 230, cajarka ta sake saukewa, kuma a juyin farko kaɗai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na tafiya a zafi. Masu arhar ba sa ba da wuta sumul irin ta gida, mai tsalle-tsalle ce. Tocilar da ake cusawa a bango kai tsaye ba tare da caja ba, ita ce ta fi shan wahala: ƙaramin kafasita ne ke rage mata wuta, wutar mai tsalle-tsalle kuma dafa kayan cikinta take yi. In kayanka ba su da wata hanya sai ta bango, sayi inbata mai rubutun pure sine, wato mai ba da wuta sumul, wat 150 ta isa.

Ba ka tambaya ba, amma yi hattara da masu sayarwa. Fis ɗin soket galibi amfiya 10 ne ko 15, wato wat 120 zuwa 180. Duk wanda ya miƙo maka inbata mai filogin sigari ya ce wat 1000 ce, ƙarya yake. Hakan na bukatar sama da amfiya 80, sai wayoyi masu kauri daga kan batir. Haka caja mai baki uku: lambar da ke kwalin jimillar bakunan ce, karanta ta kowanne. Fis kuma in ya ƙone, mayar da mai lambarsa. Mai wayarin da ya ce zai ɗaure maka da waya, gobara yake nema maka.

Yi caji inji na kunne. Laftof na jan kusan amfiya 6, batirin mota kuwa don tayar da inji aka yi shi, ba don a tatse shi ba; ya sauka ƙasa da volt 12, da safe wataƙila sai turi. Wasu motocin ba sa yanke wutar soket ko an zare makulli, don haka cire cajar in za ka kwana. Kada kuma ka bar batirin lithium yana caji a mota rufe cikin rana, ya wuce digiri 45 lalacewa yake yi.