Madarar cakulan bayan doguwar tafiyar keke: yadda na same ta

Idan tambayar ita ce ko madarar cakulan tana mayar wa mutum da ƙarfinsa bayan ya sha wuya a kan keke, to e, tana yi. Sai dai ba kullum take da amfani ba, kuma ba ta kwali ce na tsaya a kanta ba. Na daɗe ina shanta bayan atisaye, da hunturu da bazara, har na san inda take yi mini rana da inda take zama asarar kuɗi kawai.

Ni ɗan keke ne na sha'awa, ba na gasa ba. Ranar Lahadi bayan sallar Asuba mukan haɗu da abokai a Kabuga, mu miƙi hanyar Gwarzo, mu wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, mu yi ta bugawa har sai rana ta fara cizo sannan mu juyo. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane halin da mutum yake ciki idan ya sauka ba. Ƙafafu suna rawa, gumi ya bushe ya bar farin gishiri a wuyan riga, ga yunwa tana ƙwaƙular ciki amma maƙogwaro ya ƙi karɓar abinci. Ko ƙosai aka ajiye maka da zafinsa, da ido kawai za ka bi shi. Wannan ne babban abin da ya sa madarar ta shiga raina, don abin da ka kasa taunawa kana iya kurɓarsa.

Zancen ya samo asali ne daga Amurka. A 2006 wasu masu bincike a Jami'ar Indiyana, ƙarƙashin Joel Stager, suka ɗauki 'yan keke 9 suka gajiyar da su, suka ba su hutun awa 4, sannan suka sake ɗora su a kan keke don a ga wa zai fi daɗewa. A lokacin hutun, wani zubin a ba su madarar cakulan, wani zubin a ba su ɗaya daga cikin abubuwan sha biyu da ake sayar wa 'yan wasa. Madarar ta yi kunnen doki da ɗaya, ta kuma fi ɗayan. Daga nan maganar ta bazu, kamfanonin madara suka riƙe ta suna talla. Mutum 9 dai ba su da yawa, kuma masu harkar madara suna cikin waɗanda suka tallafa wa binciken, saboda haka ban ɗauke shi wahayi ba. Amma dalilin da ke bayansa ba shi da wuyar fahimta. Tsoka da hanta suna da ajiyar sukari da jiki yake ƙonawa a doguwar tafiya, idan ta yi ƙasa sai ka ji ƙafa ta mutu. Tsokar kanta kuma tana ɗan yagewa, tana buƙatar furotin don ta gyaru. Madarar cakulan tana ɗauke da duka biyun, kusan kashi 3 ko 4 na sukari a kan kashi 1 na furotin, ga ruwa, ga ɗan gishiri da fotasiyam waɗanda gumi ya kwashe. A 2007 wani bincike a Jami'ar Loughborough ta Ingila ya nuna cewa bayan gumi mai yawa, jiki ya fi riƙe madara a kan ruwa zalla, wanda yake saurin fita ta fitsari. Wannan kam na shaida shi da kaina. Ranar da na ɗirki ruwa kaɗai, zaryar banɗaki nake yi har azahar, kuma ƙishirwa ba ta sake ni.

Na fara ne da ta kwali, irin wadda ake jerawa a firjin manyan kantuna na Zoo Road da Sabon Gari. Daɗi kam akwai shi, musamman idan ta yi sanyi sosai. Amma zaƙinta ya yi mini yawa, yakan bar wani danƙo a baki har sai na kuskure. Ƙaramin kwalin kuma ba ya kai ko'ina. Kofi ɗaya na madara, wato wajen mililita 240, furotin giram 8 yake bayarwa, alhali abin da ake so bayan wahala irin wannan wajen giram 20 ne. Ka ga ke nan sai ka sha biyu ko uku. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan madara suka yi tashin gwauron zabi, sai lissafin ya daina fita. Akwai kuma abin da sai ka juya bayan kwalin za ka gani: wasu ba madara ba ce sosai, ruwa ne da sukari da ɗan ƙamshin cakulan, madarar tana can ƙasan jerin kayan haɗi. Wata da na saya a wani shago na same ta da ɗumi duk da daga firji aka ciro ta, saboda an kwana ba wuta. Madara mai ɗumi a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake taɓa digiri 40, ba abin da mai gajiya zai so ba ne.

Yanzu da kaina nake haɗawa, tun dare. Nakan sayi madarar gari a kasuwar Singa, in auna wajen giram 60 zuwa 65 a rabin lita na ruwa, abin da zai ba ni furotin wajen giram 16. In zuba garin cakulan na shayi cokali uku, Milo ko Bournvita, duk wanda uwargida ta saya a watan, ba na ƙara sukari don akwai shi a ciki. Sai ɗan gishiri da bai wuce abin da yatsu biyu za su ɗauka ba. Da ruwan ɗumi kaɗan nake fara damawa har gudajin su narke, sannan in cika da na sanyi. Idan ka zuba ruwan sanyi kai tsaye, garin zai yi ƙulli-ƙulli ya taso sama, ka yi ta fama da cokali. Idan akwai wuta ta kwana a firji. Idan babu, sai in juye a fulas in sa ɗan ƙanƙara da safe kafin in fita, in bar shi a motar abokinmu da ke jiranmu a Kabuga. A kula da irin madarar garin da za a saya. Da yawa daga cikin masu araha an cire musu man madarar an maye shi da man tsirrai, wasunsu kuma furotin ɗinsu bai kai na cikakkiyar madara ba, wadda take da wajen giram 25 a kowane giram 100. Ana rubuta shi a jikin leda ko gwangwani, dubawa ce mutane ba sa yi.

Rabin litar nan ita kaɗai ba ta cika mudun. Masana abincin 'yan wasa suna cewa mai son farfaɗowa da wuri ya sami giram 1 zuwa 1.2 na sukari ko sitaci a kan kowane kilo na nauyinsa cikin awar farko. Mai kilo 70 ke nan yana neman giram 70 zuwa 84, madarar kuwa wajen giram 50 take bayarwa. Shi ya sa nake haɗa ta da ayaba ɗaya ko 'yan dabino. Idan na yi haka, jirin nan da kan ɗebe ni wajen ƙarfe goma sha ɗaya ba ya zuwa, kuma nakan iya zuwa ɗaurin aure ko gaisuwa maimakon in wuni a kwance a tabarma. Ciwon cinya na washegari dai bai tafi ba. Ya ragu kaɗan, ko kuwa sabo ne ya rage shi, amma duk wanda ya ce maka madara tana kore shi gaba ɗaya, ya ƙara gishiri.

Akwai wani dattijo a cikinmu, ya ba sittin baya amma a hawan tudu yakan bar samari, shi ba ruwansa da fulas ɗina. Da mun sauka sai ya nufi wata Bafulatana da ke zama a gindin darbejiya, ya ce, "Inna, a dama mini ta kullum, kada a cika ruwa." Ta ɗauko dunƙulen fura biyu ta jefa a ƙwarya, ta murƙushe su da bayan ludayi, ta kwararo nono tana juyawa har ya yi kauri, ƙamshin citta da kanumfari yana tashi. Ranar da ya ga ina girgiza tawa sai ya ce, "Ɗana, abin da kake nema a gwangwani ga shi nan a ƙwarya." Na ce, "Baba, ai kowa da kiwon da ya karɓe shi." Amma a gaskiya maganarsa tana kan hanya. Gero sitaci ne, nono furotin ne, idan aka sa sukari an sami duk abin da ake nema. Har ma furar ta fi madarar ta wani ɓangaren: manya da yawa cikinsu ba ya narkar da laktos, sukarin da ke cikin madara, sai ka ji ciki yana ƙugi, ya kumbura, wani har gudawa. Nono da kindirmo kuwa sun yi tsami, tsamin ya cinye wani ɓangare na laktos ɗin, shi ya sa suka fi kwanciya a ciki. Biyu daga cikin abokanmu sun gwada haɗina sun bar shi saboda wannan ƙugin cikin. Abin da ya hana ni komawa fura gaba ɗaya shi ne nauyinta, takan saukar mini da kasala da barci, sannan ba ni da iko a kan ruwan da aka dama ta da shi. A gida, inda na san ruwan, nakan sha ta da rana.

Inda madarar ba ta da wani aiki shi ne ƙaramin motsa jiki. Wanda ya zaga filin sukuwa na rabin awa, ko ya hau Dala ya sauko, bai ƙona abin da zai buƙaci mayarwa da gaggawa ba. Ruwa da karin kumallo sun ishe shi. Idan ma rage tumbi ya fito yi, rabin litar nan za ta mayar masa da fiye da abin da ya zubar. Ko mu 'yan doguwar tafiya, gaggawar ta fi shafar wanda zai sake atisaye a ranar ko da sassafen gobe. Wanda zai huta kwana guda, tuwo da miya da ɗan nama za su yi masa aikin. Mai ciwon sukari kuwa ya fara tuntuɓar likitansa kafin ya kusance ta.

Da azumi nakan sauya tsari. Ba ma doguwar tafiya, sai ɗan zagaye bayan la'asar, mu dawo dab da magariba. Nakan buɗe baki da dabino da ruwa, in yi sallah, sannan in sha kofi ɗaya kawai, don idan na sha rabin litar ba na iya cin abinci, kuma tsayuwar tarawihi takan yi mini nauyi.