Housesteads ko Hardknott, wanne ya fi?

Ɗan uwan da ya tambaya a gurup wanne sansanin sojan Rumawa zai je gani hutun nan a arewacin Ingila, Housesteads ko Hardknott, to malam in baka da mota gardama ta ƙare, Housesteads kawai.

Shi Housesteads a kan katangar Hadrian, sarkin Rumawa, yake, wadda aka fara ginawa a shekara ta 122, a Northumberland. Soja wajen 800 ne suka zauna ciki, 'yan yankin Beljiyam ta yanzu. Abin kallo kam nan ya fi yawa, ga asibiti ga gidan kwamanda ga rumbunan da aka ɗaga daɓensu kan ginshiƙai don iska ta riƙa bi ta ƙasa kar danshi ya lalata hatsi, sannan ga bandakin nan da kowa sai ya ɗauki hotonsa, na haɗaka ne fa, a jere ake zama ba ko labule, ruwa na bi ta kwata a ƙasa yana tafiya da ƙazanta. Ana biyan kuɗin shiga, akwai ɗan gidan tarihi, kuma bas mai lamba AD122 daga garin Hexham tana ajiye mutum a wajen, sai dai daga nan sai ka taka tudu kamar rabin mil.

Hardknott kuma yana Cumbria, can saman kwarin Eskdale, shima zamanin Hadrian aka gina shi. Ƙarami ne, soja kamar 500, an kwaso su daga Dalmatiya wajen gaɓar Kuroshiya aka jibge su a wannan ruwa da iska, kai aikin soja ba daɗi. Kyauta ne, ba get ba maigadi, kai da tumaki ne. In kaje ka duba katangar da kyau zaka ga wani siririn layin dutse a tsakiya, abinda ke ƙasansa ginin Rumawa ne, na sama gyara ne da akayi daga baya. Gaba kaɗan akwai filin faretinsu da suka daidaita a jikin dutse, ni shi yafi burge ni.

Matsalar Hardknott hanya ce. Hawan ya kai kashi 30 cikin 100 a wasu wurare, ga kwana kan kwana, ga ta siririya, bas bata bi, in hannunka bai faɗa ba a tuƙi kar ma ka soma, lokacin ƙanƙara kuwa ko ƙwararre haƙura yake.

In da iyali zaka Housesteads ɗin dai, Hardknott ba bandaki ba shago, sai ka riƙo ruwanka da takalmin da taɓo bazai dame shi ba.