Oben na gas ko na lantarki? Amsa ga mai son gasa mafin ɗin ayaba da ot

Hajiya mai tambayar wane oben za ta saya don gasa wa yara mafin (ƙananan kek) ɗin ayaba da ot (hatsin nan da ake damawa kamar kunu), ƙaramin na lantarki ko na gas, ki sayi na gas. Duka biyun ina da su. Ɗaya yana kicin yana aiki, ɗayan yana saman kabad cikin kwalinsa.

Dalilin yana cikin kwaɓin kansa. Ayaba kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, shi kuma ot ba shi da irin danƙon nan na fulawar alkama da ke riƙe iska idan kwaɓi ya tashi. Don haka kwaɓin wannan mafin ɗin mai nauyi ne, mai laima. Bakar hoda (baking powder) ce ke ɗaga shi sama a mintunan farko, amma ba ya tsayawa da ƙafarsa sai ƙwai da fulawar da ke ciki sun nuna, kuma hakan sai can wajen ƙarshen gashi. Yana son zafi digiri 180 wanda ba ya yankewa, na minti 20 zuwa 25. Idan aka ɗauke wuta a minti na goma, kina kallo ta gilashi zai sace, tsakiyarsa ta caɓe, kuma ko an dawo da wutar bayan rabin awa ba zai sake tashi ba, saboda hodar ta riga ta gama aikinta. Biskit zai iya yafe miki wannan, cincin ma babu ruwansa da oben. Mafin ɗin ayaba ba ya yafewa. To ke ma a Kaduna kike, kin fi ni sanin yadda wutar unguwarku take.

Nawa na gas ƙirar gida ne, a Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna, aka ƙera mini. Ba shi da kyan gani, baƙi ne ƙirin, ƙofarsa ma sai na ɗan danna ta da gwiwa kafin ta kama. Amma hawa biyu ne, kowane hawa yana cin tire mai gurbi goma sha biyu. Ranar da na ƙara son sa ita ce jajiberin saukar Alƙur'ani ta ɗiyar maƙwabciyata, cikin watan Agusta. Tun la'asar ruwa ya tsuge, iska ta kayar da wani abu a layinmu, unguwa ta yi duhu ɗif. Baiwar Allah ta riga ta kwaɓa kayanta a babbar roba, ta shigo da lema a hannu, ido ya raina fata. Muka jingina fitilar waya a jikin tulun gishiri, ita tana zubawa a gurbi da ludayi, ni ina juya tire. Ƙamshin ayaba da kirfa ya cika gidan har yaran da suka yi barci suka farka suka jeru a bakin ƙofar kicin, kowa da hannu a miƙe. Kafin sha ɗaya mun gama, muka jera su a faranti muka rufe da ƙyalle. Washegari a wurin walima ana ta tambayar daga wane shago aka yi odarsu.

Na lantarkin kuwa, in an ba shi wuta yana gashi mai kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Yana da ƙarfen zafi sama da ƙasa, saman mafin ɗin yana yin ja daidai, kuma shi yake daidaita zafinsa da kansa. Iyakar abin da zan faɗa a kansa ke nan.

Kada wani ya ce miki kuɗin wuta ne matsalarsa. Yawancin waɗannan ƙananan suna jan wat 1500 zuwa 2000, wato gashi ɗaya, har da ɗumama shi, bai fi yunit ɗaya da ɗan wani abu ba. Ko a watan Afrilun 2024 da aka mayar da yunit naira 225 ga 'yan Band A, masu alƙawarin wutar awa 20 a rana, ba wannan ne zai talauta mutum ba. Matsalar ita ce idan wutar ta tafi ba ki da madogara. Ƙaramin janareton nan da muke kunna wa fanka da talabijin bai kai wat 1000 ba, kina jona oben zai yi tari ya mutu. Inbata ta gida ma, in ba babba ba ce, ƙara za ta fara yi miki. Kuma ko wutar tana nan, idan ta zo da rauni, ƙarfen ba ya yin ja sosai, gashin minti 20 sai ya koma 40, mafin ɗin ya bushe a waje cikinsa bai nuna ba. In gidanku na kan layin da ba a ɗaukewa, ko kuna da sola mai ƙarfi, to ki yi abin da ranki yake so. Mu dai da ke wannan ɓangaren gari mun haƙura.

Na gas ɗin ma yana da halinsa, gara ki sani tun yanzu. Wutarsa daga ƙasa take, saboda haka yana son ƙona gindin mafin alhali samansa fari fat. Wannan kwaɓin kuma, da yake akwai zaƙin ayaba a cikinsa, saurin kamawa yake yi. Maganin ba wuya. Ki samu tsohon tire ki zuba yashi mai tsafta ko gishiri, kaurin yatsa ɗaya, ki ajiye a hawan ƙasa daidai saman wutar, ba tare da kin toshe ramukan da zafi ke fitowa ba. Shi zai sha zafin ya rarraba shi. Mafin ɗin kuma a hawan sama, ko na tsakiya in oben ɗin hawa uku ne. Bayan minti 15 ki buɗe da sauri ki juya tiren, na gaba ya koma baya, don bayan oben ya fi zafi. Kafin minti 15 ɗin nan kada ki buɗe ko da ƙamshi ya dame ki.

Abu na biyu, ƙirar gida ba ta da lambobi, murɗawa kawai kike yi ki duba tsawon harshen wuta. Don haka ki haɗa da ɗan ma'aunin zafi, mai kama da agogo, wanda ake ratayawa a cikin oben. Masu kayan kek a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi suna da shi. Ki kunna oben minti 10 zuwa 15 kafin ki saka komai, sai allurar ta tsaya a 180. In kuma aljihu ya kai ki sayi babbar kuka mai kai huɗu da oben a ƙasa, wannan ya fi, in mai lambobi 1 zuwa 9 ce, lamba 4 a jikinta ita ce 180 ɗin. Duk da haka ni ban yarda da lambar ba sai na ga allura.

Tunda kin ce ba ki taɓa yi ba, ga ma'aunin da nake bi, yana ba ni goma sha biyu. Ayaba uku manya, ot kofi ɗaya da rabi, fulawa kofi ɗaya, ƙwai biyu, man gyaɗa sulusin kofi, madara ko yogot rabin kofi, sukari rabin kofi ko ƙasa da haka, bakar hoda ƙaramin cokali biyu, ɗan gishiri, kirfa. In da yogot ko kindirmo kika yi, ki ƙara rabin ƙaramin cokali na sodar gashi (baking soda), tsamin ne ke tayar da ita. Ot ɗin ki jiƙa shi a madarar minti goma tukuna, musamman in mai faɗin nan ne, in ba haka ba yara za su ce akwai ƙaiƙayi a ciki. Na Quaker na gwangwani ya fi laushi, shi ko jiƙon minti biyar ya ishe shi. Idan kin zuba fulawa kada ki buga kamar kek ɗin biki, juyi kaɗan da cokali har garin ya ɓace, ko da gudaji-gudaji ki bar shi. Bugu shi ke sa ya yi tauri. Ki cika gurbin kashi uku cikin huɗu. Tsinken sakace ne alƙali: ki soka a tsakiya, in ya fito a bushe sun yi. Masu cire fulawar gaba ɗaya su yi da niƙaƙƙen ot zalla, ana yi, sai dai ba ya tashi sosai kuma ya fi daɗewa a wuta, wanda hakan ma wani dalili ne na gas.

Yanzu abin da ba ki tambaya ba, amma dole in faɗa, don kasuwar nan sai da ido.

Wurin masu ƙira, bangon oben falle biyu ne, kuma a tsakaninsu ake cusa faiba, ita ke riƙe zafi. Wasu marasa tsoron Allah sai su bar tsakanin fayau, ko su sa 'yar kaɗan a ƙofa inda za ki duba, su shafe da fenti mai ƙyalli. Ki ƙwanƙwasa gefe da baya da sama. In kin ji yana amsa kuwa kamar garwa, babu komai a ciki, gas ɗinki zai riƙa ɗumama kicin ne ba mafin ba. Ki ɗaga gefe ɗaya ki ji nauyinsa, langa-langa mara kauri ba ta da nauyi kuma tana lanƙwashewa da zafi har ƙofa ta daina rufuwa. Ki sa a jona masa gas a gabanki a kunna. Harshen wutar ya zama shuɗi, a jere daidai daga farko har ƙarshe. In ja ne ko rawaya, hayaƙi zai yi miki, kuma za ki ji shi a bakin mafin. Ki sa a shafa ruwan sabulu a duk mahaɗar tiyo da wurin walda, in ya yi kumfa yoyo yake yi, ki bar shi a wurin ko nawa aka rage miki. In odar ƙira za ki bayar, kada ki biya duka, rabi ya isa har sai kin ga kaya. Kuma ki tafi da tiren mafin ɗinki a jaka ki zura shi ki rufe ƙofar. Mai gurbi goma sha biyu yana kai santimita 35 a tsawo, kuma oben da yawa, na gas da na lantarkin, ba sa cin sa, alhali mai shago zai rantse miki yana ci.

Masu na hannu, waɗanda ake ce wa Beljiyam, su ma ki kula. Akwai waɗanda daga Amurka suka zo, wutarsu 110 ce, tamu kuwa 230, kina jonawa sai wari. Wani kuma abin daidaita zafinsa ya mutu an haɗa wayar kai tsaye, zai yi ja a shago ki ji daɗi, a gida ya mayar miki da komai gawayi. Su kuma masu talla a Facebook da Instagram da hoton da ba nasu ba, masu cewa ki tura kuɗi kafin a kawo, ban da abin cewa sai Allah ya kyauta. Duk wanda bai yarda ki biya bayan kin gani ba, ki wuce.

Har ayabar ma ba a bar ta ba. Ana nunar da ita da kabaid, sinadarin nan na masu walda, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa. Za ki gan ta rawaya shar gaba ɗaya, babu ɗigo ko ɗaya, amma wuyanta kore ne, cikinta kuma gardi-gardi babu zaƙi. Ban da illarta ga jiki, ba ta yin mafin, sai kin yi ta ɗura sukari kuma ƙamshin ba zai fito ba. Wadda kike so ita ce wadda mai tire yake neman rabuwa da ita da yamma, bawonta ya yi ɗige-ɗigen baƙi, ta yi laushi har tana neman faɗowa daga nononta. Ita ce mai araha ma. In ba ki samu ba, ki sayi ɗanya ki naɗe a takarda ki ajiye kwana biyu ko uku. Bakar hoda kuma ki guji ta awo da ake ƙullawa a leda, ba ki san yaushe aka buɗe buhunta ba. Ki zuba rabin cokali a ruwan zafi, in ba ta yi kumfa nan take ba ta mutu, kuma oben ɗin da ba shi da laifi za ki zaga.

Kafin kuɗin su cika, ba sai kin jira ba. Babbar tukunya mai kauri, yashi a ƙasa, ki ɗora murfin wata tukunyar ko ƙananan duwatsu, ki jera gwangwanayen madara da kika shafe da mai, ki rufe ruf a kan wuta kaɗan. Zai kai minti 30 ko fiye, samansa ba zai yi ja ba, amma yara ba sa tambayar launi. Da damina dai kada ki bar su a waje fiye da kwana biyu, laimar ayabar tana sa su fumfuna da wuri. Da hunturu kuwa bushewa suke yi, sai a roba mai murfi.

In oben ɗin ya iso, tukunyar gas ɗin ta zauna nesa da shi, in da hali a waje, tiyo ya shigo ta taga. Wajen kunnawa ki buɗe ƙofar oben, ki ƙyasta ashana tukuna sannan ki murɗa, kada ki murɗa ki tafi neman ashana. Ranar farko kada ki saka komai a ciki. Ki bar shi yana ci wajen awa ɗaya, tagogi a buɗe, warin fenti da man ƙarfe ya fita, sannan washegari ki kwaɓa.