Kasuwancin ƙasa da ƙasa ko tattalin arzikin raya ƙasa, wanne ya fi ƙofofin bincike?

Ƙanena da ya yi tambaya a guruf, ka ce ka gama mastas a ikonomis kana shirin digirin digirgir, kana tsakanin ɓangaren kasuwancin ƙasa da ƙasa da ɓangaren raya ƙasa, wanne ya fi samun tallafi da aikin bincike. To in dai kuɗi da yawan gurabe kake tambaya raya ƙasa ne a gaba, babu ma gardama. Amma bari in ɗan baje maka su gefe da gefe don abin ba a kuɗi kawai ya tsaya ba.

Mu fara da data tunda ita ce ke kashe yawancin furofozal ɗinmu tun ba a je ko'ina ba. Mai kasuwanci yana zaune a ɗakinsa zai sauke alƙaluman shige da fice na kusan duk duniya daga UN Comtrade, rumbun alƙaluman ciniki na Majalisar Ɗinkin Duniya, ko WITS na Bankin Duniya, ko BACI da cibiyar CEPII ta Faransa ke tacewa, duk kyauta in dai akwai intanet da wuta. Kayan aikinsa na farko shi ne girabiti model, wanda tun 1962 Jan Tinbergen ya kawo, wato ciniki tsakanin ƙasashe biyu yana ƙaruwa da girman arzikinsu yana raguwa da nisan da ke tsakaninsu. Sauƙin nan kuwa shi ne matsalar, domin abin da ka sauke wani ɗalibi a Jamus ya sauke shi, ga shi da kwamfuta mai ƙarfi da sufabaiza da ya shekara ashirin a kan model ɗin. Ita kuma datar da ake buga manyan takardu da ita yanzu, wato ta kwastan wadda ke nuna kamfani kaza ya fitar da kaya kaza zuwa ƙasa kaza, samunta a wajenmu sai an sha wuya.

Shi ko mai raya ƙasa datarsa ta gidaje ce da gonaki da makarantu da asibiti. A nan Allah ya taimake mu, akwai binciken gidaje da hukumar ƙididdiga ta Najeriya, NBS, ke yi tare da Bankin Duniya ƙarƙashin shirinsa na binciken rayuwar gidaje da noma, LSMS-ISA, an fara shi 2010/11 da gidaje wajen 5,000, aka sake komawa 2012/13 da 2015/16 da 2018/19 har da 2023/24, kuma kyauta ake saukewa bayan rajista. Nijar ma tana da irinsa, ECVMA na 2011 da 2014. Da wannan kaɗai mutum zai iya rubuta digiri mai kyau a kan taki ko bashin manoma ko karatun yara mata. Sai dai inda kuɗin yake shi ne gwajin fili, a raba ƙauyuka gida biyu ta ƙuri'a, a ba wasu tallafi a bar wasu, bayan shekara ɗaya ko biyu a dawo a auna bambanci. Wannan salon ne ya ba Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer kyautar Nobel a 2019, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai da masu tattara bayanai da motoci da izinin hukuma da kuɗi masu kauri.

Shi ya sa gurabe suka fi yawa a can. Cibiyar binciken talauci ta J-PAL da aka kafa a jami'ar MIT ta Amurka a 2003 tana da reshen Afirka a jami'ar Cape Town, ƙungiyar binciken talauci ta IPA na da ofis a Najeriya, ga cibiyar binciken bunƙasar arziki ta IGC ta jami'o'in LSE da Oxford, ga PEP da ke ba ƙungiyoyin masu bincike 'yan ƙasa tallafi haɗe da mai ja musu gora. Irin waɗannan suna ɗaukar mataimakan bincike, kuma gaskiyar magana wannan aikin na shekara ɗaya ko biyu shi ne hanyar da yawancin yara ke bi su shiga digirin digirgir a Amurka ko Ingila, saboda wasiƙar shaidar da farfesa sananne zai rubuta maka ta fi sakamakonka na mastas nauyi a wajensu, ko ka so ko ka ƙi. Amma fa kar ka ɗauka rijiyar ba ta ƙafewa. Birtaniya ta rage kuɗin agaji daga kashi 0.7 na kuɗin shigarta zuwa 0.5 a 2021, ta kuma ce za ta kai shi 0.3 nan da 2027, ga hukumar agajin Amurka USAID da aka rushe a 2025, kuma binciken raya ƙasa da yawa daga irin wannan aljihun yake ci.

Ɓangaren kasuwanci ƙofofinsa kaɗan ne kuma sun fi karkata ga aikin manufofin gwamnati fiye da jami'a. Akwai ƙungiyar ciniki ta duniya WTO a Jeniba da shirinta na kujerun jami'o'i da aka fara 2010, akwai UNCTAD, hukumar ciniki da raya ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, akwai cibiyar manufofin kasuwanci ta ECA, hukumar tattalin arzikin Afirka ta Majalisar, a Addis Ababa, bankin shige da fice na Afirka Afreximbank a Alƙahira, trapca a Arusha mai koyar da dokoki da manufofin ciniki. Abin da ya farfaɗo da fagen a Afirka shi ne AfCFTA, yarjejeniyar ciniki ba shinge ta nahiyar Afirka, an sa hannu a Kigali a Maris 2018, Najeriya ta sa nata a Yamai a Yuli 2019, aka ce ciniki ya fara 1 ga Janairu 2021, sakatariya tana Akara. Tun daga nan kowace ma'aikata ke neman wanda zai lissafa mata me za ta samu me za ta rasa in an cire haraji, wanda ya iya model na lissafin tasirin manufofin ciniki irin na GTAP da jami'ar Purdue ke riƙe da shi ba ya rasa aikin kwansaltansi. Lissafin ɓangaren nan ya fi zafi, in kai da aljebra ba kwa ga maciji ka yi tunani sau biyu.

Inda duka biyun suka haɗu shi ne AERC, ƙungiyar binciken tattalin arzikin Afirka da ke Nairobi, tun 1988 take, tana da shirin digirin digirgir na haɗin gwiwa da jami'o'in Ibadan da Benin na Najeriya ke ciki, kuma tana taron bita sau biyu a shekara inda ake kai furofozal manya su yi masa kaca-kaca sannan in ya tsira a ba ka tallafi, a rukunansu akwai na talauci akwai na ciniki da haɗewar yanki. Taron CSAE, cibiyar nazarin tattalin arzikin Afirka ta Oxford, da ake yi duk Maris shi ma yana karɓar duka biyun. In kuma kai lakcara ne a makarantar gwamnati kar ka raina TETFund, ko ba yawa zai biya maka masu tattara bayanai.

Yanzu ga ra'ayina, kuma shi ne dalilin da na tsawaita. Kai da ke zaune a arewa kana da abin da ɗalibin Jamus ɗin can ba shi da shi. Hatsi da dabbobi da wake da albasa da ke bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, Illela zuwa Ƙonni, Maigatari, da abin da ke shiga Dawanau yana fita, mafi yawansa Comtrade ba ta san da zamansa ba, alhali Yuganda sun daɗe suna ajiye ma'aikata a bakin iyaka suna ƙirga irin wannan cinikin. Jenny Aker ta jami'ar Tufts da farashin hatsi na kasuwannin Nijar ta yi suna, ta nuna zuwan wayar salula tsakanin 2001 da 2006 ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16. Daga baya ita da abokan aikinta suka duba iyakar Najeriya da Nijar a 2014, suka ga inda 'yan kasuwan gefe biyun ƙabila ɗaya ne tasirin iyakar kan farashi yana raguwa, sannan a cikin Nijar ɗin kanta akwai gibin farashi tsakanin kasuwannin Hausawa da na Zabarmawa. Ka gaya min wannan kasuwanci ne ko raya ƙasa? A mujallar raya ƙasa aka buga shi, tambayar kuwa ta ciniki ce tsantsa.

Sannan ga rufe iyaka da Najeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ga na bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 wanda Najeriya ta buɗe a Maris 2024, ga ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairu 2025. Kowanne gwaji ne da gwamnati ta yi maka ba ka biya ko sisi ba, ka kwatanta kasuwanni ko gidajen da ke kusa da iyaka da na nesa, kafin rufewa da bayanta, zagayen 2018/19 na binciken NBS ma ya faɗo daidai kafin rufewar farko.

Don haka ni zan ce ka yi rajista da sunan raya ƙasa saboda can ake ɗaukar mataimaka ake ba da tallafi, amma ka riƙe tambayar iyaka. Kafin ka tura wa kowa imel ka zauna da manhajar lissafin data, Stata ko R, ka sake fitar da sakamakon wata takarda da aka riga aka buga daga datarta, masu ɗaukar mataimakan bincike kusan kullum jarrabawar data suke fara ba mutum kafin intabiyu. Kwas ɗin MicroMasters na MIT da J-PAL ana iya bin darussansa kyauta ta intanet, jarrabawar ce ake biya kuma kuɗin yana bin ƙarfin samun mutum. In ka rubuta shafi biyu a kan tambayarka ka turo guruf mu duba maka.