Shagon tura fina-finai na wajen Ƙofar Kaura

Masu neman tsofaffin fina-finan marigayiya Saratu Gidado, wato Daso, ku leƙa shagon turi ɗin nan na wajen Ƙofar Kaura, wallahi yaron ya tara kaya a kwamfutarshi, har Linzami da Wuta na 2000 da ta fara da shi ya tura min a memori. Kun san ta dai da fitowa a masifaffiyar uwa ko muguwar kishiya, in ta zaro ido ta fara zazzaga masifa sai ka riƙe ciki don dariya. Allah ya jiƙanta, cikin azumin 2024 ta rasu.

Matsalar kawai wasu daga tsohon kaset aka kwafo, hoton dishi-dishi, sautin ma yana shaƙewa. Ku sa ya kunna muku kafin ku biya. In an ɗauke wuta kuma sai jira, janaretonshi sai a hankali.